Waɗanda Suka Bar Fito

Bukuru, watan Rajab, 1947

Zuwa ga Yaya Falmata, a Mashigin Goriba, ƙasar Haɗejiya.

Gaisuwa mai yawa, irin ta ƙane ga yayarsa. Ina gaida Inna, ina gaida mijinki Malam Haladu, wanda na san shi zai karanta miki takardar nan. Ina gaida matata Mairam, in har yanzu tana amsa gaisuwata. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuke da zafin bazara?

Ni ne Shu'ibu. Ban mutu ba.

Na san 'ya'yan mutane da muka tafi yaƙin Bama tare sun iso gida tun bara, da akwatinsu da takalminsu. Na san kun yi ta zuwa tashar Malam Madori kuna duba fuskokin masu sauka daga jirgi. Ba sai an faɗa min ba.

Ranar da aka ɗebe mu, Bature ya ce in mun dawo aiki na jiran kowa. Da muka dawo aka ba ni lambar ratayawa a ƙirji da takardar sallama, aka ce in tafi ofishin lebura. Ofis uku na je. A na ukun akawu ko kai bai ɗaga ba. Ba na zaginsa. Mun fi ɗari huɗu a ƙofarsa, aikin kuwa bai kai ashirin ba. Daga nan na biyo wasu zuwa nan Bukuru wajen haƙar kuza. Kwanon ƙasa nake ɗauka a ka daga rami zuwa tudu, ni da na riƙe bindiga shekara uku.

Amma ba wannan ya hana ni zuwa gida ba, kada in ɗora wa Bature abin da ba nasa ba. Fito ne. To, ga shi na rubuta. Tun a bariki na fara taɓawa kaɗan-kaɗan, da na zo nan kuwa na shige shi gaba ɗaya. Daga tashi aiki sai can, ƙwarya ba ta barin hannuna har sai jiki ya ƙi. Da safe hannuwana su yi ta rawa, ko igiyar wando ba na iya ɗaurawa. Ya ci min lafiya, ya ci min kaya, har bargon soja sai da ya tafi. Da wace fuska zan tsaya gaban Inna?

Yau Asabar ashirin da ɗaya rabona da shi. Kada ki ce ƙarfina ne, ba ni da wani ƙarfi. Akwai wasu mutane a nan, mu shida, duk mun yi fito mun bari. Kowace Asabar da la'asar, ranar da ake biyan lebura, muna haɗuwa a bayan shagon wani tela, Saje Isa, tsohon soja ne shi ma. A dafa shayi, a fasa goro, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. Babu mai wa'azi, babu mai fin wani. Ban san dalilin da ya sa abin ke riƙe mutum ba, amma yana riƙewa.

Ina son gida, Yaya. Na gaji da garin duwatsu, na gaji da sanyinsa. Jiya wata mata ta wuce da bandar kifi a ka, na bi ta har kasuwa, ba don in saya ba. Sai dai na san kaina. In na zo inda babu irin mutanen nan, ba zan yi wata biyu ba zan koma, kuma a gaban idonku zan koma.

Ga roƙona. Ki bincika min a hankali, ko a Haɗejiya, ko Malam Madori, ko wajen Guri, ko akwai waɗanda suka bar fito suna zama tare. Ko mutum biyu ne sun isa. In akwai, zan zo kafin babbar salla. In babu, ku ci gaba da ɗauka cewa na mutu a Bama, ya fi muku sauƙi.

Ki amsa ta hannun Saje Isa, tela, bakin kasuwar Bukuru.

Allah ya bar zumunci. Ƙanenki,
Shu'ibu

*

Mashigin Goriba, watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Shu'ibu Soja. Ni ce Falmata ke magana, Malam ke rubutawa.

Salamu alaikum. Gaisuwa daga gidan nan kaf, har da awaki. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka, kogi ya fara motsi.

Kai, Soja! Allah ya shirye ka! Da Malam ya karanta "ban mutu ba", Inna ta zauna a ƙasa daɓas, ni kuwa na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Mairam tana daka, ta saki taɓarya ta faɗo mata a ƙafa, har yau tana ɗingishi tana dariya. Ta ce in faɗa maka tana amsawa.

To yanzu wannan ne abin ɓuya shekara guda? Don ka shiga fito? Na san abin da ke cin ka. Ranar da ruwa ya ci ubanmu Gambo a mashigin nan, Inna ta sa ka dafa kanta ka rantse ba za ka taɓa ƙwaryar fito ba, ba za ka ƙetarar da kowa ba har abada. Ka karya, kana jin kunya. To ka saurara. Inna ta ce jini ne, ɗan Gambo in ya ga ruwa dole ƙafarsa ta yi ƙaiƙayi, kuma neman halali ka fita, ba sata ba. Ta ce tunda ka bari ta yafe maka duniya da lahira. Sau biyu ta faɗa, Malam shaida ne.

Rawar hannu kuwa sanyin ruwa ne, Baba ma ya yi fama da shi. Inna ta ce ka riƙa shafa man shanu da citta. Bargo kuma in ruwa ya tafi da shi ya tafi, Allah ya sa iyakarsa ke nan, kai dai ka fito.

Maganar waɗanda suka bar fito, ai dariya ka ba ni. Har sai na je Guri? Ka manta gindin tsamiyar mashigi? Ga su nan su bakwai, tsofaffin 'yan fito, daga hantsi har la'asar suna zaune suna gyara wa yara tuƙi da baki. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sa Malam ya kai musu takardarka ya karanta, ni kuma na tsaya daga bayan dangar wani gida ina ji.

Da aka zo wajen Asabar ashirin da ɗaya, Baba Haruna ya ce, "Ashirin da ɗaya? Ni damina goma sha biyu rabona da ƙwarya, ban aika wa kowa takarda ba!"

Wani ya ce, "Kai ai ba ka bari ba, gwiwa ce ta bar ka."

Aka yi ta shewa. Suka ce ka zo, akwai wuri a tabarma, amma shayin nan na Asabar kai za ka riƙa kawowa tunda ka saba da shi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Kawu Gana, abokin Baba, ka san halinsa. Ya ce a sake karanta masa wajen rawar hannu. Aka sake. Sai ya ce, "Bukurun nan wane kogi gare ta?" Malam ya ce Allah ne masani, amma gari ba ya rasa rafi. Sai ya naɗe komarsa ya tafi. Tsufa ne, kada ka damu.

To ka ji, mutanenka na nan, sun ma fi shida. Ka taho. Mairam ta ware maka shinkafar bara a tukunya, ta hana kowa taɓawa.

Malam ya ce a ƙara da cewa yana yi maka addu'a.

Sai mun gan ka. Yayarka,
Falmata

*

Bukuru, sha biyu ga azumi

Malam Haladu, gaisuwa da ban girma, da barka da shan ruwa. Don girman watan nan, wannan takarda ka karanta wa Yaya ita kaɗai, a ɗaki, ba a tsakar gida ba, ba a gindin tsamiya ba.

Yaya, giya nake nufi.

Fito a nan giyar dawa ce. Mata ke dafa ta a manyan tukwane, a sayar a ƙwarya. Ita ce ƙwaryar da na ce ba ta barin hannuna. Bargona ba ruwa ya tafi da shi ba, ni na miƙa shi da hannuna aka cika min ƙwarya. A Bukuru babu kogin da zai kai wa akuya gwiwa, sai kududdufan da muka haƙa da kanmu. Alkawarin da na yi wa Inna yana nan ban karya ba. Abin da na yi ya fi shi muni, ita kuwa ko a mafarki ba ta zata za ta buƙaci sa ni rantsuwa a kansa ba.

Ba laifinki ba ne, ba na Malam ba. Sau uku na ɗora alƙalami zan rubuta sunan abin, hannuna ya ƙi, don na san a gaban Inna za a karanta. Sai na ɗauki sunan da ya fi taushi. Shekara huɗu ina jin kalmar nan a bakin soja da lebura, har na manta abin da take nufi a gidan ubana. Ko kuwa ban manta ba, so na yi in faɗa ba tare da an ji ba. Allah ya san wanne ne, ni ban sani ba.

Ran Asabar na kai takardarki wurin zamanmu. Da azumi ba shayi, haka muke zama baki a bushe. Na karanta musu. Da na zo wajen man shanu da citta, Buba Direba ya yi dariya har ya faɗo daga benci.

Ya ce, "Wallahi da na san da maganin nan da ban rasa motar mutane ba!"

Saje Isa ya cire allura daga baki ya ce, "Shu'ibu, shekara tara ina zaman nan, kai ne na farko da ya faɗi laifinsa aka yi masa guɗa."

Na yi dariya tare da su. Daga nan na zagaya lungu na yi kukan da ban yi ba ko a Bama.

Zan faɗa miki sauran, don mu a nan ƙa'idarmu ke nan, ba a faɗin rabi. Ran Litinin da azahar, da azumi a bakina, ƙafata ta kai ni ƙofar gidan da nake sha. Na tsaya ina jin warin tukunya. Mai gidan ta leƙo ta ce, "A'a, Soja, an daɗe! Shigo mana." Ba ta yi min mugunta ba, sana'arta take yi. Na daɗe a tsaye, ban san iyaka ba. Sannan na juya na tafi shagon Saje. Bai tambaye ni komai ba. Ya kalli fuskata, ya miƙo min wata riga ya ce in warware masa ɗinkin wuya. Da na gama ya miƙo wata. Har aka kira magariba ina warwara. Daga baya na gane rigunan lafiyarsu lau, sai da ya sake ɗinke su.

Kowannenmu yana da zare a jikin ƙusa a shagon nan. Duk Asabar da mutum ya kai, Saje ya yi masa ƙulli ɗaya. In mutum ya faɗi, a yanke a ɗaura sabo, ba zagi, ba gori. Na Buba sau huɗu ana yankewa. Nawa bai yanku ba, amma ran Litinin saura kaɗan.

Kin ga abin da nake nufi da irin mutanen nan. Tsofaffin gindin tsamiya mutanen kirki ne, amma in na je musu da fuskar ran Litinin, za su ce sanyin ruwa ne.

Yafiyar Inna ba tawa ba ce. Wani Shu'ibu ta yafe wa, mai ƙwazo, wanda ya shiga ruwa neman halali. Yanzu duk mashigi shi suke jira. Ni ba zan zo in sa rigarsa in zauna a tabarmarsa ba.

Na janye roƙona. Da ma rashin tunani ne. Wa za ki tambaya? Matar malam ta shiga kasuwar Haɗejiya tana cigiyar mashayan da suka tuba? A garinmu ko akwai su, kowa a ɗakinsa yake da abinsa har kabari.

Kada ki faɗa wa Inna. Mairam kuwa ta jira abin da ya isa. In tana so, zan aiko mata da takardarta ta sami wanda ya fi ni, ba zan ga laifinta ba. Ta ci shinkafarta.

Ki yafe min guɗar da na sa ki yi.

Shu'ibu

*

Mashigin Goriba, bayan ƙaramar salla

Shu'ibu.

Gaisuwa. Muna lafiya. Ruwa ya cika, fadama ta zama tafki, sai da ƙwarya ake zuwa ko'ina.

Ban amsa da wuri ba don da na amsa a makon nan da ba za ka so karantawa ba. Kwana uku ban ci abin buɗa baki da daɗi ba. Na ce wa Inna ciwon kai ne. Kai, ɗan Gambo, wanda ya haddace izu ashirin kafin ya tafi soja! Malam ya ce ba zai rubuta abin da na faɗa bayan wannan ba. To, ya bari, amma ka san na faɗa.

Shi ma Malam kwana biyu bai yi maganarka ba. A na ukun ya ce littafi bai rufe ƙofa ga wanda ya bari ba, shi wane ne da zai rufe.

Ka ce ka janye roƙonka. Ni ban janye ba. Tun kana goye ba ka taɓa ba ni umarni na bi ba.

Na fara da matar wanzami, tunda su ke shiga gida-gida. Na ce wata ƙawata ce ɗanta ke da lalura. Ta ce wace ƙawa? Na ga in na ƙara kalma ɗaya gobe duk gari ya ji. Na je Haɗejiya da bandar kifi, na sami wani da kuka yi soja tare yana gadi a bakin kasuwa. Na kewaya, na kewaya, da ya gane inda na dosa ya ce, "Baiwar Allah, ni kika ga alama a jikina?" Ya tashi ya bar ni da kifina. Na dawo ina cewa gaskiyar Shu'ibu ce, babu.

Ina cikin wanke tukunya sai tambayar nan ta faɗo min. Wane kogi gare ta?

Na bar tukunyar na sa aka ƙetarar da ni tudun da Kawu Gana ke shanya taru. Na same shi yana ɗinkin koma.

Na ce, "Kawu, ran nan me ya sa ka tambayi kogin Bukuru?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Don na taɓa kwana can. Babu kogi."

Na ce, "Ashe ka gane."

Ya ce, "Tun wajen rawar hannu. Sanyin ruwa a gwiwa yake kama mutum, 'yar nan, ba a hannu ba."

Na ce, "Ka gane, ka bar ni ina ta rawar kai a gari kusan wata biyu?"

Sai ya ajiye koma ya dube ni. Ya ce, "Da in ce me a gindin tsamiya? In ce ɗan Gambo mashayi ne, kuma na sani don ni ma shi ne?"

Shu'ibu, a jiƙaƙƙiyar ƙasa na zauna, da sabon zanena na salla. Kawu Gana! Wanda ke sahun gaba kullum! Ka tuna ana cewa ya dawo daga fataucin goro da ciwon Gwanja, shi ya sa ba ya zuwa kasuwar Malam Madori? To ciwon ke nan.

Ya ce tun ranar yake jiran ɗayanmu ya zo, don shi ba ya iya zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar asirin wani. Ya ce da na kai babbar salla ban zo ba, da ya rubuta maka da kansa ko me zai faru. Na ce, "Kawu, kai kaɗai ne?" Ya yi wata 'yar dariya, ya ce in koma gida in kawo masa takarda da tawada. Ga ta nan a cikin tawa, da hannunsa ya rubuta, ya naɗe, ya ce ko Malam kada ya buɗe. Ban san abin da ke ciki ba, amma na ga fuskarsa, kuma tun ranar nake cin abinci.

Ka ga ikon Allah. Da ka rubuta sunan abin tun farko, da a ɗaki za mu binne takardar, Kawu Gana ba zai taɓa ji ba.

Maganar takardar Mairam kuwa, kada ka kuskura. Ba ni za ka aika ba. Ka zo ka zauna gabanta ka faɗa da bakinka, ita ta zaɓa da nata. Haka Inna. Ban faɗa musu komai ba, kuma ba zan ƙara yi maka ƙarya ba bayan babbar salla. Ka ji iyakata.

Har yanzu ina fushi. Ka taho in yi shi a gabanka.

Yayarka,
Falmata

*

Daga Gana zuwa ga Shu'ibu ɗan Gambo. Sallama da gaisuwa.

Rubutuna ba kyau, ka yi haƙuri da shi.

Shekara goma sha ɗaya na sha, a Kumasi da hanyar Kumasi. Shekara goma sha shida rabona da shi. Ubanka ya sani. Shi ya ɗauko ni daga bayan rumbunan gyaɗa a Malam Madori, ya ƙetaro da ni a ƙwaryarsa kamar buhu, bai faɗa wa kowa ba har ya koma ga Allah.

Mu huɗu ne. Ba zan rubuta sunan kowa ba, za ka gan su da idonka, ɗaya ma zai ba ka mamaki. Da mu biyar ne, ɗaya ya koma, muna nan muna jiransa.

Ranar kasuwar Malam Madori ita ce ranar wahalarmu, don a bayan tasha ake sayar da abin a ɓoye, kuma duk gari can ake tafiya. To mu ranar nan tudu muke hawa da taru. Mutane sun ɗauka ɗinki muke yi. Muna ɗinkin ma. Daga hantsi har masu kasuwa su dawo. Da rani in ruwa ya janye, sai mu koma bukkar gonar shinkafata. Ba mu da shayi, sai gasasshen kifi da fura. Kowa ya faɗi abin da ke cikinsa. Abin da aka faɗa a tudu, a tudu yake kwana.

Ƙa'idarmu ɗaya ce. Ba mai zuwa tasha shi kaɗai, ko shekararsa nawa da bari. Ni ma har yau in zan je sai da ɗayansu.

Ba zan ce maka gida sauƙi ne ba. A nan ba ka ganin abin a hanya kamar can, amma zaman kaɗaici da shi ya fi yawa, kuma kowa ya san fuskar ubanka. Wata rana za ka ji kamar ka fasa ihu a tsakiyar fadama. Ranar ka zo ƙofata, ko ba ranar kasuwa ba ce. Ina da tarun da bai ƙarewa.

Tsofaffin tsamiya ka bar su da abin da suka ɗauka, ba su ka yi wa laifi ba. Uwarka da matarka kuwa haƙƙinsu ne su ji. In kana so zan zauna a zaure ranar da za ka faɗa.

Ka aiko da ranar jirginka. Ka gaida telan nan, ka ce wani tsoho a fadama ya gode masa.

Wassalam.

*

Bukuru, watan Zulƙida

Yaya Falmata, gaisuwa. A gaida Malam, a ce na gode da alƙalaminsa da bakinsa. A gaida Inna da Mairam.

Na karanta takardar Kawu sau huɗu, sannan na kai ta shago. Da na gama karantawa sai Buba ya ce, "Su har da kifi? Saje, mu ma a duba lamarinmu." Ranar na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin a sa min kaki.

Na ajiye kwanon Bature. Saje zai raka ni har Kafanchan. Akwai wani ɗan'uwansa mai zuwa Kano, shi zai zauna kusa da ni har can, ya sa ni a jirgin Nguru. In Allah ya yarda ran Laraba ta farko a watan babbar salla zan sauka.

Kada a yi girki, kada a yi guɗa. Zan fara da Inna, sannan Mairam, kafin in kwance kayana, don in ta ce a'a kada a sha wahalar sake ɗaurewa. Ke kuma ki ajiye fushinki, zan zo in karɓa duka.

Ki faɗa wa Kawu Gana ya zauna a zauren, ina so. Kuma ran Laraba kada ya jira ni a bakin hanya, ya shigo har kan dandamalin tasha, daidai inda jirgi ke tsayawa. Daga ƙofar jirgi zuwa bakin hanya taku kaɗan ne, na sani. Ya shigo dai.

Ƙanenki,
Shu'ibu